Kwalin Ƙafar Baffa

Mahaifina ya ceci idanun ƙaninsa da kwali da guntun fensir. In na faɗi haka mutane sukan yi murmushi, su ce 'ya ce take kambama ubanta. To, ku ji yadda aka yi.

Baba ɗinkin takalma yake yi, a wani ɗan shago da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. 'Yan layi sun sa masa suna Sai-an-auna. Ko jiya ya ɗinka maka, in ka dawo yau sai ka cire takalmi ka taka kwali. Kowane mai zuwa wurinsa yana da nasa kwalin, a huje, a rataye jikin ƙusa. Duk sabon ɗinki sai ya sake zagaye ƙafar a kan kwalin nan, ya rubuta kwanan wata a gefe. In ka gaya masa lambar takalminka, ko ɗago kai ba ya yi. "Lambar ta kamfani ce," in ji shi. "Ni ƙafarka nake nema."

Ina yarinya wannan hali yana ƙona mini rai, don ni ce mai share ƙurar kwalayen. Amma na lura da abu ɗaya. Ƙafar babba ba ta zuwa ko'ina. Layin bana kan na bara yake hawa, har kwalin wasu ya yi baƙi wuri guda.

Ban da na Baffa.

Baffa, ƙanin Baba, direban babbar motar haya ne, mai son tsokana da son gayu. Ya haura arba'in lokacin da ya fara ƙorafi cewa takalmin yana matse shi.

"Yaya, tsufa ne ya kama ka ko rowar fata?"

Baba ba ya son a taɓa aikinsa. Ya ciro kwalin, ya sa shi ya taka, ya zagaye. Sabon layin ya fita bayan tsohon da ɗan kaɗan. Ya ɗinka masa sabo. Shekara ta zagayo, layin ya ƙara fita. Kafin shekara shida kwalin Baffa ya koma kamar an yanka albasa, zobe bayan zobe, har babban yatsa ya kusa faɗawa bakin kwalin.

Mu da muke ganinsa kullum ba mu ga komai ba. Haɓarsa ta yi gaba, hancinsa ya buɗe, wushirya ta fito masa da girmansa, muka ce ya ƙara kyau. Zobensa ya ƙi fita sai da aka yanke, matarsa ta ce girkinta ne ya karɓe shi. Minsharinsa har maƙwabta suna ji. Abokan aikinsa suka sa masa Giwa, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Wata rana Baffa ya zo shago yana faɗa, wai ginshiƙin ƙofar tasha ya fasa masa madubin gefe, karo na biyu cikin wata ɗaya. Na tsaya daf da kafaɗarsa da kofin ruwa, na daɗe a tsaye, bai karɓa ba. Sai da na yi magana ya zabura ya juyo.

"Ke kuma yaushe kika zo?"

Baba ya ajiye basillar da ke hannunsa. Ya ce masa, "Kalli hancina, kada ka juya." Ya ɗauko fensir daga bayan kunne, ya zo da shi a hankali ta gefen kan Baffa. Fensirin ya wuce kunne, ya wuce kumatu, sai da ya kusa gaban ido Baffa ya ce ya gani. Ɗayan gefen ma haka. A lokacin na ji tsoro ya shige ni sosai.

"Gobe za mu asibiti," in ji Baba.

"Asibitin me? Ni ban kwanta ba. So kake su ƙwace mini lasin?"

"To, ba na sake yi maka ɗinki sai likita ya gan ka."

Baffa ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Ya manta cewa duk kasuwa babu takalmin da zai shiga ƙafarsa. Wata biyu mai gayun nan yana yawo da silifa, diddige na shan ƙasa. Innata ta sa baki, matar Baffa ta zo ta yi roƙo, Baba ya toshe kunne. Ran nan da sassafe sai ga Baffa a ƙofar gida, fuska a murtuke. "Tashi mu je, tun da ka rantse sai ka ga bayana."

Likitan farko layi ya yi masa yawa. Ya auna jini, ya ce ya ɗan hau, a rage gishiri, a rage ƙiba. Baffa ya fito yana washe wushirya, Baba ya ce bai yarda ba. Suka koma mako na gaba, aka ba su maganin ciwon kai. Karo na uku na bi su, Baba ya rufe shago ya naɗo kwalin cikin jarida. Ma'aikaciyar da ke kiran suna ta ce, "Baba, ba a tallan kaya a nan." Ya ce ba talla ba ne, shaida ce.

A ranar wata likita muka samu, dattijuwa mai tabarau. Baba bai jira an ba shi izini ba, ya shimfiɗa kwalin a kan teburinta.

"Likita, ƙiba na sani, sama take cika ƙafa. Wannan tsawo ne da faɗi. Shekara talatin ina auna ƙafafu, ban taɓa ganin ta mai furfura tana girma ba."

Ta bi layukan da yatsa, tana karanta kwanan watan ɗaya bayan ɗaya. Ta kama hannun Baffa ta juya shi, ta nemi ganin tsohon hoton da ke jikin lasinsa. Sannan ta yi masa irin gwajin da Baba ya yi da fensir, ita da yatsunta.

Ta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar wake ba, ana ce mata fituwitari. Baffa ya ce, "Fitina dai." Ta ce ita ce mai aika wa sassan jiki saƙo ta cikin jini, kuma cikin saƙonninta akwai sinadarin girma. Shi yake zuwa hanta ya sa ta saki wani, su taru su miƙar da ƙashin yaro. In mutum ya balaga bakin ƙasusuwansa sai ya rufe, sinadarin ya ragu. Amma wani lokaci ƙari yakan tsiro a ƙwayar, ya yi ta zuba sinadarin ba ƙaƙƙautawa. Tsawo ya riga ya tsaya, sai abin ya koma hannu da ƙafa da haɓa. Jijiyoyin ido kuwa a saman ƙwayar suka gitta juna, in ƙarin ya danne su, ganin gefe ne yake fara tafiya.

"In aka bar shi fa?" Baba ya tambaya.

"Sauran ganin ma zai bi."

Aka ba Baffa ruwan sukari ya sha, aka yi ta ɗibar jininsa, don a lafiyayye sukari yakan kwantar da sinadarin. Nasa ya ƙi sauka. Hoton kai ya nuna ƙarin. Ta hanci aka bi aka ciro shi, ba a fasa kai ba. Likitar ta gaya mana gaskiya tun farko: ƙashin da ya girma ba zai koma ba, ido kuma sai abin da Allah ya yi. Tuƙi dai an dakatar da shi, kuma Baffa ya yi kusan wata ba ya yi wa Baba magana.

Bayan shekara ɗaya ya shigo shago ya zauna a benci, ya miƙo ƙafa ba tare da an ce ya miƙo ba. Baba ya durƙusa ya zagaye ta. Ina tsaye ina kallo. Layin bai fita ba, a wajen diddige ma ya ɗan shigo ciki.

Baba ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya miƙe kamar zai rataye kwalin, ya zagaya ta bayan benci, ya ɗago fensirin daidai kunnen ƙaninsa. Baffa yana kallon titi, ko kai bai juya ba.

"Sauke hannunka, Yaya," ya ce. "Ina ganinka."