Rabin kompires da aka bari a cikina

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun kira maigidana Abba suna tambaya ko rasuwa aka yi. Ina nan da raina. An ce in yi haƙuri in yi shiru, na yi har na gaji. Yau sai na faɗa.

A shekarar nan da damina ta yaudare mu na haihu. Naƙuda ta yi tsawo, aka ce sai tiyata. Aikin kyauta ne a baki, amma kaya sun ƙare a asibitin, aka rubuta wa Abba takarda ya shiga zagayen farmasin Damagaram. Kompires, farin ƙyallen nan da ake tsane jini da shi, ƙunshi ɗaya tak ya samu, guda goma a ciki.

Aka ciro 'yata Falmata lafiya, aka ɗinke ni, aka sallame mu.

Ko suna ba a yi ba masassara ta rufe ni. Ciki ya kumbura, gefen hagu kamar an ajiye garwashi. Na koma asibiti. Matar da ta duba ni ko zanena ba ta ɗaga ba.

"Madam, palu ne. Ke dai kin cika raki."

Na sha maganin palu, zazzaɓin cizon sauro, har kunnuwana suka toshe. Ɗinki ya fara zubar da ruwa mai wari, ni kaina ina ƙyamar kaina.

Sai nono ya ƙafe.

Ciwon bai tsorata ni kamar wannan ba. Albashinmu na 'yan kwantiragi, ma'aikatan wucin gadi, ba ya zuwa a kan kari, madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu, awakin unguwa kuwa ƙashi da fata ne. Ina kwance ina jin kukan Falmata yana sirancewa kullum. Na ɗauka a gabana za ta mutu.

Ƙanwata Hadiza ta zo daga Mirriya da goyonta a baya. Ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Yaya, ba ni ita. Inda ɗaya ya sha, biyu ma za su sha."

A lokacin ita kanta sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanta. Ta tafi da ita, na juya fuska bango.

Abba ya sayar da motonsa, babur ɗin da yake zuwa aiki da shi, ya kai ni wajen wani likita dabam. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitan ya daɗe yana kallon na'ura, sannan ya ce, "Hajiya, akwai abin da ba naki ba a cikin nan."

Aka sake buɗe ni. Abin ya manne da hanji, sai da aka yanke wani sashe aka haɗa. Da na farfaɗo ya nuna mini shi a faranti. Rabin kompires ne, ya yi baƙi, gefe ɗaya a miƙe sak, yankan almakashi.

Da na iya taka ƙasa na sa Abba ya kai ni asibitin farko, wajen manjo, shugaban masu jinya na ɗakin tiyata. Bai ma ɓoye ba.

"Madam, shekarar ce. Kaya ba sa isa, sai yaranmu masu jinya su raba kompires biyu don ya kai ƙarshen aiki. Amma an ƙirga. Goma aka buɗe, goma aka samu a bokiti."

Kun ji fa. An buɗe goma, an yanka wasu, adadi ya ƙaru, sannan aka ƙirga goma aka ce wa likita ya rufe. Wadda ta yanka ba ta faɗa ba, wadda ta ƙirga ba ta buɗe ko ɗaya ta duba ba.

Na ce, "Manjo, wa yake tsayawa a kansu ya ga yadda suke ƙirgar? Yaushe rabon da a gwada su?"

Ya yi dariya. "Duk da difloma suka zo. Ƙirga ai ko ɗan aji ɗaya ya iya."

Bai san wa yake gaya wa ba. Aji ɗaya nake koyarwa a lakwal, makarantar firamare. In na ba yaro tsinke goma ya karya biyu, dole ya san sun zama goma sha biyu, kuma ba na cewa ya iya sai ya ƙirga a gabana. Yaron da ya yi kure, maki ya rasa. Ni hanji na rasa.

Ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ita ta hana ruwan sama. Amma almakashi a hannun mutum yake.

'Yan uwana mata, in an yi muku aiki, masassara ta ƙi sauka, ciki yana kumburi, kada ku yarda a sallame ku da kalmar raki. Ku nace a yi hoto. In an ƙi, ku canza likita. Masu jinya, in kun yanka ku faɗa da ƙarfi, ku biyu ku ƙirga, ku buɗe kowane ƙyalle. Shugabanni, ku shiga ɗakin ku gani da idonku, difloma ba ta ƙirga.

Alhamdu lillahi, na warke, na koma aji. Na gode wa likitan da ya saurare ni, da Abba da yake zuwa aiki a ƙafa har yau. Hadiza kuwa, Allah kaɗai zai biya ta.

Jiya ta kawo mini Falmata, ta yi kumatu har tana rarrafe. Na ɗauke ta, ta ƙura mini ido, ta fashe da kuka, ta miƙa wa Hadiza hannu.

Manjo, wannan ma a sa a cikin ƙirgar.