Yadda Zibrim Mai Ɗaci Ya Tsai da Motar Salaga Sau Tara

Har yau in aka ambaci Zibrim Mai Ɗaci a tashar Salaga, sai an yi dariya tukuna kafin a shiga yabonsa. Dalili kuwa wata tafiya ce da aka yi da shi daga Yendi, shekara guda kafin a sauke tutar Turawa.

Kwana biyu ke nan da Babbar Sallah, kowa ya ɗirka wa cikinsa nama ya rasa inda zai sa kansa. Tun hantsi aka yi layi gaban tulun jiƙon Zibrim, kafin azahar ya sallami mutum sittin da wani abu. Ya ɗaure tulun fanko a saman motar Sualihu direba, ya shiga ya zauna tsakanin buhun gero da wata mata mai kwandon zabbi, yana ta murmushi shi kaɗai.

Ba a yi mil uku ba murmushin ya ɗauke. Ya ƙwanƙwasa katakon mota.

"Direba, tsaya!"

Sualihu ya taka burki. Zibrim ya suri butarsa ya faɗa cikin ciyawar damina. Ya dawo yana ba da haƙuri, aka ce ba komai, ai lalura ce. A karo na uku ma an tausaya masa. A na biyar fasinja suka fara ƙirgawa da ƙarfi, baki ɗaya, kamar masu biya karatu. A na bakwai bai ma buɗe baki ba. Mai zabbi ce ta dubi fuskarsa ta ƙwala wa direba kira a madadinsa. Na tara kuwa ana hango rufin kwanon Salaga aka yi shi.

"Malam, ga gari can! Daure mana!" in ji Sualihu.

"Ni na ga garin," in ji Zibrim, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. "Cikin ne bai gani ba."

Tun daga ranar sunansa ya koma Baba Tsaya.

Abin da ya jawo masa wannan, al'ada ce ta gidansu. Kakansa na cikin fataken goro, shi ne mai jiƙa wa ayari maganin ciki. Da fataucin ya mutu, jiƙon ne kaɗai ya rage wa gidan: sassaƙen maɗaci, tsamiya, kanwa, citta, kanumfari, da ganyen filasko mai wanke ciki. Ana shansa don kumburi da ƙwannafi, da kuma wanda yake ci abincin ba ya bin jikinsa. Ranar da uban Zibrim ya miƙa masa ludayi, magana ɗaya ya yi masa: kada ya kuskura ya ba ɗan Adam abin sha sai ya fara wucewa ta maƙogwaronsa, a gaban mai saye, ludayi cike.

Zibrim ya riƙe wannan kamar alwala. Mutane ma suka riƙe, har suka fi shi. In ya sha wa wani, na bayansa yana kallo, ba zai yarda ba.

"Ai na wancan ka sha. Ina nawa?"

Sai ya sake ɗiba. Uban nasa a zaure yake zaune, in ya ga mutum biyar a yini ya yi kasuwa. Shi kuwa Zibrim kasuwanni yake bi, Salaga, Yendi, har Bawku, kuma Allah ya ba shi farin jini. Mai saye ya sha ludayi ɗaya ya tafi gida ya warke; mai sayarwa ya sha arba'in ya kama hanyar daji.

Saboda haka ba a taɓa yin siririn mutum kamarsa ba a unguwar. In ya sa rigarsa ta saƙi, batakari, sai ka ce an rataye ta a ƙusa. Ba kuma don rashin ci ba. Matarsa Lariba tuwo take sayarwa a bakin kasuwa, hannunta kuwa sananne ne. Da safe koko da ƙosai, da rana sakwara mulmule uku, da yamma tuwon zafi da miyar kuka har da ƙafar zabo. Duk ya share, ya suɗe yatsa, ya tashi kamar yadda ya zauna.

"Malam, kana zubar mini da mutunci," in ji Lariba. "Matan rijiya cewa suke ina sayar da tuwo ina barinka da ƙanzo."

"Jikin gado ne, Lariba."

"Gadon wa? Na ga babanka. Da ƙyar yake shiga ƙofar zaure."

Shi kansa abin yana damunsa, sai dai bai taɓa zargin ludayin ba. In ma ya ga ya ƙara ramewa, sai ya ƙara wa kansa jiƙo da asuba, tunda maganin rama ne.

Haka aka yi ta tafiya har wajen shekara ta alif ɗari tara da sittin da biyu, lokacin da wani Alidu ya fara zuwa kasuwar Bawku da akwati cike da kwalabe daga kudu: ƙwayar bitamin, man kifi, da wani jan ruwa mai hoton ƙato yana ɗaga ƙarfe. Alidu kansa ya fi na hoton cika ido. Wuyansa ninki uku ne, in ya yi dariya tumbinsa sai ya daɗe yana rawa bayan shi ya gama. Ya rasa inda zai kafa teburinsa sai daura da tulun Zibrim.

"Jama'a, ba sai na yi dogon bayani ba!" Haka yake shela yana buga ƙirji. "Ku dubi mai shan kwalba, ku juya ku dubi mai shan saiwa!"

Sai kowa ya juya. Zibrim ya kumbura kumatu, ya buɗe kafaɗu, amma iska ta bi ta cikin rigar ta tona masa asiri. Kasuwa uku a jere layinsa yana raguwa. A nan ne tsoro ya kama shi, ba na yunwa ba, tunda tuwon Lariba na nan. Tsoronsa kada tulun da ya ratsa hannun kaka da uba ya zo ya kife a hannunsa.

Sai ya ƙudura zai nuna wa Bawku. Ranar kasuwa ta gaba, duk wanda ya saya, ludayi biyu ya sha masa. Kafin la'asar rumfunan albasa suka fara juya masa. Da ya farfaɗo ya ga kansa kwance a kan benci a ɗakin shan magani, wani disfensa mai tabarau, Malam Awudu, yana taɓa masa wuyan hannu.

Disfensa ya tambayi abin da yake ci. Zibrim ya lissafo, tun daga koko har ƙafar zabo.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Masta."

"To ina yake zuwa?"

Da aka zo kan ludayi, Malam Awudu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a sake faɗa masa adadin.

"Baba, abincinka baƙo ne da ba a ba shi tabarma. Yana yin sallama, kai kuma ka aiko filasko ya raka shi ƙofar baya. Yaushe zai zauna har jiki ya amfana? Jiƙonka ba guba ba ne, amma ko ruwan rijiya ka sha haka sai ya kayar da kai."

Ya ƙunsa masa ƙwayoyin bitamin a takarda, ya ba shi kwalbar man kifi, ya ce wata uku kada jiƙo ya taɓa harshensa.

Zibrim ya fito yana waige-waige. A ce jikan mai jiƙon ayari yana haɗiyar ƙwayar Turawa, irin ta akwatin Alidu? Ya cusa ƙunshin cikin hularsa, kwalbar kuma ya naɗe ta da ganyen goro. A gida bayan rumbun doya yake laɓewa ya haɗiya. Lariba ta gano tun kwana na biyu, don warin kifi ba ya ɓuya, amma ta yi kamar ba ta sani ba, ta dai ƙara mulmule ɗaya a kwanonsa.

Wata uku yana gida. Abin mamaki, kumatu suka fito. Wuya ya cike. Wata rana ya sunkuya zai ɗaura takalmi ya ji wani abu ya tokare shi, ya duba, ashe tumbi ne, ɗan ƙarami, nasa na kansa. Ya daɗe yana shafa shi. Lariba kuwa kullum sai ta ƙirƙiro aiken da zai sa ya bi ta gaban rijiya.

Da wa'adi ya cika ya jiƙa sabon tulu ya nufi Yendi, zuciyarsa fes. Yanzu wa zai ce a juya a dube shi? Ya dai yanke shawara a ransa: ba zai sha ba. Wannan tumbi da wahala aka same shi.

Kasuwa ta taru kansa, ana ta salati. Ta farko a layi Mma Ashetu ce, tsohuwa mai daddawa, wadda tun zamanin ubansa take aikowa Salaga a sayo mata. Ya cika mata 'yar ƙwaryarta. Ta riƙe, ta tsaya tana kallonsa. Shi ma yana kallonta.

"Ɗan nan, ka manta wani abu."

"Mma, ai kin san jiƙon. Shekara nawa?"

"Na san jiƙon jiya. Na yau ban san shi ba. Sha."

"Na... na sha a gida."

"A gida na saya?"

Ta juye masa abinsa cikin tulu, ta kife ƙwarya. Sannan ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ga jama'a.

"Ku tsaya ma. Da yana sha, yana kamar sillen kara. Yanzu ya daina sha, ga shi kamar ango. To ashe maganin ƙiba shi ne a bar maganin Zibrim!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Layi ya watse. Abin da Alidu da tumbinsa suka kasa yi a kasuwa uku, Mma Ashetu ta gama shi kafin a kira azahar. Zibrim ya koma Salaga da tulu cike, kuma karo na farko a tarihinsa mota ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Sualihu har ya tambaya ko lafiya.

Ya zauna a tsakar gida ya tasa tulun a gaba. In ya sha, tumbi ya tafi. In bai sha ba, tulu ya kife. Ya gaya wa Lariba duka, har da ƙwayoyin da ke cikin hula.

"Na sani," in ji ta. "Hularka wata uku tana ƙara kamar caki." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin cokalin shayi, wanda aka ba ta cikin kayan aure bai taɓa aiki ba. "Baba ya ce ka sha a gaban mai saye. To ka sha."

"Ya ce ludayi cike."

"Da mutum biyar yake. Da ya ga sittin, da shi da kansa zai nemi cokali. Ka rage filaskon kuma, ba gyaran rijiya kake yi ba."

Kasuwar Yendi ta zagayo. Zibrim bai jira a taru ba, ya ɗauki tulu har rumfar daddawa. Ya cire hula a gaban mutane, ya kwance ƙunshin, ya nuna ƙwayoyin.

"Mma, ga abin da ya tashe ni, shi da barin ludayi arba'in a yini. Wanda cikinsa ya kumbura, jiƙona na nan, ludayi ɗaya ya ishe shi. Wanda yake ci yana ramewa kamar yadda na yi, ya je disfensa ya duba shi tukuna. Ban iya sayar miki da abin da ban sha ba, ban kuma iya komawa sillen kara."

Ya ɗebo da cokalin shayi ya kai baki, ya yamutsa fuska yadda ya saba.

Mma Ashetu ta karɓi cokalin ta jujjuya shi.

"Wannan ai na ɗura wa jariri ne."

"Ɗacin dai ɗaya ne, Mma."

Ta mayar masa da cokalin. Sannan ta miƙo ƙwaryarta.

"Sha cokali biyu. Ni tsohuwar mai saye ce."

Ya sha biyu. Na bayanta ma ya ce shi ma tsohon mai saye ne, amma Zibrim ya ce sai mai shekara saba'in a duniya ke shiga wannan lissafin. Kafin la'asar tulu ya yi rabi. A Bawku ma labarin cokali ya riga shi isa, har Alidu, da ƙwannafi ya matsa masa, ya zagayo ta bayan rumfa ya sayi ludayi ɗaya, bayan ya tabbatar an sha masa nasa.

Tumbin bai ƙara girma ba, bai kuma tafi ba. Lariba ta ce ya isa a nuna wa matan rijiya. Sunan ne dai ya ƙi barinsa. Har ya yi furfura, in ya iso tasha da tulunsa, Sualihu sai ya leƙo ta taga.

"Baba Tsaya! Yau sau nawa za mu tsaya, in sanar da fasinja?"

Zibrim ya miƙa tulu sama, ya gyara zaman cokali a aljihu, ya ce:

"Yi dariyarka, Sualihu. Amma gaya mini, wane mai magani ne a ƙasar nan ya taɓa tara shaidu talatin a mota ɗaya, ya nuna musu aikin maganinsa har sau tara? Ja mu je. Butata dai tana kusa, kada ka yi gudu."