Tsutsar da ta ratsa idon Yaya Sabi'u

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sabi'u makwancinsa a nan Agege, har yau zuciyata ba ta huce ba.

Mahauci ne, mai fara'a, wanda ko Yarabawa ba sa wuce teburinsa. Wata ranar Juma'a ya shigo gidana yana murza idon hagu, ya ce, "Hadiza, wani abu na tafiya a idona, kamar zare." Na duba, ja kawai na gani.

Sau uku yana zuwa asibiti. Ashe tsutsa ce, irin mai leƙowa ta koma, kafin layi ya iso kansa ta ɓuya. A zuwa na uku wata ma'aikaciya ta yi dariya, ta kira shi "aboki" cikin raini, ta ce ya je ya wanke fuskarsa, ƙazantar shanu ce. Bai sake komawa ba. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya kai kansa wurin wani wanzami, shi kuma ya bi tsutsar da allura. Cikin mako biyu idon ya tsiyaye. Bayan shekara guda motar haya ta danfo ta kwashe shi a bakin titi, ta ɓangaren da ba ya gani.

Watan jiya irin wannan ta fito wa maƙwabciyata. 'Yarta ta ɗauki bidiyo da waya, suka nuna wa likita. Ya ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗan tsaga farin idon, ya zaro tsutsar da hantsaki tana motsi, ya haɗa matar da magani. Da la'asar tana tsakar gida tana tankaɗe. Na taya ta murna, na shiga ɗaki na yi kuka.

Da Yaya na nan me zai ce? Na san shi, cewa zai yi, "Ashe sai waya ta yi wa talaka shaida."

Bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Ya bar 'ya'ya huɗu da ba su iya ƙarya ba, kamar ubansu. Ni kuwa ya bar ni da maganar da na yi masa ran da ya dawo daga asibiti ransa a ɓace. Na ce, "Yaya, anya ba gajiya ba ce?" Ya dube ni kawai, ya ɗauki hularsa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Su mutanen asibiti ba su san ka ba, ni na san ka.