Manjan Hajiya da Man Biskit

Kowa a unguwarmu ya ɗauka manja nake yaƙa. Ba haka ba ne, kuma na gaji da maimaitawa.

A wani sito nake aiki a garin Wendover, nan ƙasar waje, ina ɗaga katan-katan na biskit da sabulu. Nan wata abokiyar aikina ta nuna mini hotuna a waya: ƙurmin daji an aske shi tas, an shuka kwakwar manja layi-layi. Man da ake tatsa can ake tacewa har ya yi fari, kamfanoni su zuba a kayan da nake ɗagawa. Na shiga ƙungiyarsu ta masu adawa da share dajin, na fara tsayuwa da kwalin zanga-zanga a titin Elm Street ran Asabar.

Labari ya isa shagon Hajiya, ƙawar Mama, 'yar Maraɗi mai sayar da kayan miya. Na shiga sayen daddawa, ta harare ni.

"Ke ce za ki hana mu manja? Da me za a yi alale, da man mota?"

"Hajiya, ba naki ba. Na cikin biskit."

"Kin taɓa ganin jan biskit? An ba ki kwali, kin manta miyar gidanku."

Na fita ina huci.

A taronmu na gaba, shugaban ƙungiya, wani mai yawan murmushi da tun farko bai kwanta mini ba, ya ce hoto yake so. Ni da mayafina, a gaban jarkokin Hajiya. Wai ja ya fi fitowa, farin mai ba ya jan ido.

Na ce wa ya gaya masa shagon? Wai ni na ambata. Ban tuna ba. Na ce ya san inda manjanta yake fitowa? Bai sani ba. Ni ma ban tabbatar ba. Ita dai ta ce matan ƙauye ke dafa shi a kudancin Najeriya, amma mai shago ba ta kushe kayanta. Abin da na sani, kamfanin da ya share daji ko gezau ba zai yi ba saboda wannan hoto. Hajiya kuwa, a ƙofarta za a zo a tsaya, kuma da fuskata aka kawo su.

Sai na yanke: ba wanda zan kai shagon nan. Zan gaya masa in hoto yake so, ya same ni a ƙofar babban kantin Wendover, inda kayan kamfanin suke. In ya ƙi, ya nemi wata mai mayafin.