Yaya Sanusi da Kaskar Birai

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sanusi, amma har yau in Babbar Sallah ta matso sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai a mota.

Shi ne mai zaɓar mana ragon layya, mu 'yan Nijar mazauna garin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Cikin dabbobi ya tashi a Maraɗi, da ya buɗe bakin rago zai gaya maka shekarunsa. Da wannan ake ganin girmansa, don aikin da yake ci da shi wanke-wanke ne a gidan abinci.

Wata shekara ya gani a talabijin wai akwai zazzaɓi a Indiya da kaska ke kwasowa daga jikin biri ta sa wa mutum. Shi ke nan fa! Mutumin da tun yana yaro yake cire kaska da hannu ya ce shi da ciyawa har abada. Na ce, "Yaya, ina ka ga biri a McLeansville?" Ya ce, "Kai ka san inda kaskar ta kwana jiya?"

Muka je gonar da muke sayen raguna a ƙauyen McLeansville ɗin, mota huɗu. Yaya ya ƙi fitowa. Gilashi ya ɗan sauke, ya nuna wata dabba mai uban gashi can nesa, ya ce a kamo wa Alhaji Mamman, dattijonmu. Aka jawo, sai ga hantsa. Tunkiya ce, har da ciki! Baturen mai gonar ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji ya juya ya dubi Yaya a cikin mota.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Yaya ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya kutsa garken yana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Raguna tara ya zaɓa, babu na yarwa. Hawan jini ne ya zama ajalinsa daga baya, kaska ko sau ɗaya ba ta cije shi ba.

Yau ta waya muke sayen rago, a kawo nama cikin leda. Da yana nan, na san sai ya tambayi wa ya duba haƙori.

Wallahi ina kewarsa. Bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Amma da idona na ga mutum ya shiga ciyawar da yake tsoro don kada dattijo ya wayi garin Sallah ba rago. Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.