Ranar da Na Tsaya a Tsakiyar Tafki

Abubuwa da yawa na zamanin samartakata sun shuɗe daga raina, amma yinin da na zaga wani tafki tsakanin Batsari da Safana ba zai taɓa gushewa ba. A shekarun da arzikin man fetur ya sa ake ta shimfiɗa hanyoyi ne, ina sabon ma'aikacin safiyo, ɗauke da digiri da girman kan da ya biyo shi. Na riga na ja layin sabuwar hanya a taswira, miƙaƙƙe ta gabashin tafkin, inda zai datse burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Washegari zan miƙa rahoto.

Wani dattijo Bafulatani, wanda garkensa ya dogara da wannan burtali, ya same ni a masaukina. Bai roƙe ni komai ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ka zana wurin, amma ka taka shi?"

Muka kama siririyar hanyar da ta bi gefen tafkin. Rani ne, ƙasa ta tsattsage, ruwa ya janye can nesa. Idona na kan taswira har muka shiga wani kurmi mai sanyi, daidai inda layina ya ratsa. Ya dafa wata bishiya.

"Wannan mece ce?"

"Bishiya ce, Baffa."

Ya yi dariya. "Kai, boko! Giyayya ce. Ba ta fitowa sai inda ruwa ke kwanciya. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. A jikin kowace bishiya akwai zoben busasshiyar laka, sama da tsawona, duk a wuri ɗaya kamar an auna da igiya. Ashe a cikin tafkin nake tsaye. Kafin in ce uffan, tsuntsayen ruwa, kirinjijiya da dinya marasa adadi, suka tashi lokaci guda daga ciyawar bakin ruwa, har suka yi mana inuwa. Tasbihi kawai na iya yi.

"Mu da shanunmu aro muke yi, idan ruwa ya ba mu wuri," in ji shi a hankali. "Kai kuwa da kwalta za ka zo masa?"

Na sake zanen, hanya ta koma tudun yamma, burtali ya tsira. Har yau nakan tambayi kaina, da bai zo ba fa? Tun daga nan na fahimci ƙasa tana da nata rubutun, kuma wanda ya rayu a kanta ya fi ni iya karanta shi.