Telan Da Ya Buɗa Safar Asibiti

Shagona na zare da maɓalli bango ɗaya ne da na tela Tsaf-tsaf, kuma tun gashinmu na baƙi muke tsokanar juna. Halinsa ne ya ja masa sunan. Mutum ne da zai farke wando sukutum don ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya da faɗin farce.

Da shekaru suka ja, likitoci suka gano masa ciwon dajin mafitsara irin na maza. Aka yi aiki, aka dace. Sai dai an haɗa da kaluluwar matsematsinsa an cire, ruwa ya rasa hanyar wucewa, ƙafar hagu ta kumbura suntum. Duk wandunansa suka ƙi shiga. Tsaf-tsaf ya garƙame shago ya koma ɗaki, ya ce ba zai fito gari ya ga tela da ƙafafu bambam ba. Layinmu ya yi tsit babu ƙarar kekensa, ni kuwa kewa ta ishe ni.

Asibiti suka ba shi doguwar safa mai matsi, ya riƙa sakawa kullum da safe. Ran da na je gaishe shi na tarar da shi cikin fara'a, almakashi a gefe.

"Maƙwabci, dubi aikin banza," in ji shi. "Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa riƙe tef ba. Kamar za ta tsinke mini ƙafa! Na farke ta, na yi mata ƙari."

Wallahi ƙarin ya yi kyau, sai ka lura za ka ga ɗinkin. Har yaba masa na yi. Garin neman gira kuwa aka kusa rasa ido, don kafin mako ya zagayo ƙafar ta ƙara nauyi.

Matarsa ta sa na raka su asibiti. A can wata nas ta ɗaga safar tana jujjuyawa.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, 'yata," ya faɗa yana gyara zama, yana jiran yabo.

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Baba, ai matsin shi ne maganin! Shi ke tura ruwan ya koma sama. Kun yi wa magani gyara."

Matarsa ta ce, "Na faɗa masa, amma Malam in ya riƙe almakashi ba ya jin kira."

Aka ba shi sabuwa. Nas ta koya masa shafa ƙafar a hankali zuwa sama, da ɗora ta kan matashi in ya huta, da kiyaye ta daga rauni. Ya tambaya a sanyaye ko shi da keke sun rabu ke nan. Ta ce ya taka abinsa, motsin ma na da amfani, ya dai riƙa tashi yana ɗan zagayawa. A mota ina ganin yatsunsa suna awo a kan gwiwa.

Kumburin ya ragu, bai tafi duka ba, kuma an gaya masa shi da kumburin zama za su yi tare. Wata safiya ina jera kaya sai na ji ana buɗe kwaɗon shagonsa. Ga Tsaf-tsaf cikin sabon wando ruwan toka, ƙafar hagu ta fi ta dama faɗi, amma ya karya gugar yadda sai ka ƙura ido za ka gane. Daɗi ya kama ni har na rasa abin tsokana.

Bai gama kaɗe ƙurar keke ba sai wani dattijo ya iso, wanda suke haɗuwa da shi a layin asibiti, yana jan tasa ƙafar.

"Malam, irin wandon nan naka nake so. Rabona da shiga mutane tun bara."

Tsaf-tsaf ya jawo masa kujera, ya durƙusa da ƙyar, ya zare tef daga wuya.

"Miƙo mai kumburin tukuna, Yaya," ya ce. "Ita ce babba, ita za a fara yi wa awo."